Yadda Unguwa Za Ta Tsara Kare Mata da 'Yan Mata Tun Kafin Ɓarna Ta Auku

Wanda yake yi wa yarinya fyaɗe ko yake lakaɗa wa mace duka, a mafi yawan lokuta mutum ne da aka sani, ana gaisawa da shi safe da yamma, wani lokaci ma sahu ɗaya ake tsayawa da shi a masallaci. Maƙwabci ne, ko mai shagon bakin layi, ko malamin da aka damƙa wa amanar yara, ko ɗan'uwan da yake kwana a cikin gida, ko kuma mijin da aka ɗaura wa aure da ita a gaban shaidu. A cikin unguwa ake yin ɓarnar, a cikin unguwa ake binne ta da sunan rufin asiri, saboda haka a nan ne ya kamata a tsara maganinta, ba tare da jiran wani ya taso daga Abuja ba.

Girman matsalar ya wuce yadda ake zato. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wata cutarwa ta jiki, kashi 9 kuma an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata, sannan fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Wani bincike na ƙasa da aka yi kan yara a 2014 ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu tana haɗuwa da wani nau'in cin zarafi na lalata kafin ta cika shekara 18. A watan Yunin 2020 gwamnonin jihohi 36 sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, amma sanarwar gwamna ba ta raka yarinya asibiti da tsakar dare. Mutanen layinsu ne za su yi wannan, idan sun shirya.

A fara da mutane kaɗan, a raba musu aiki

A nemi mutum bakwai zuwa goma waɗanda za su ɗauki lamarin a matsayin aikinsu: mai unguwa ko wakilinsa, da limami, da shugaban makarantar firamare ko Islamiyya, da ma'aikaciyar lafiya daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, da unguwarzoma, da wakilin 'yan sintiri, da kuma dattijuwa ɗaya ko biyu da aka shaida da riƙon sirri. A unguwannin da Musulmi da Kirista suke zaune tare, kamar yadda yake a sassan Kaduna da Jos da Yola, a gayyato fasto da shugabar zumuntar mata. Dole rabin wannan kwamiti ya zama mata, domin yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba za ta durƙusa a zauren mai unguwa gaban maza shida ta faɗi abin da aka yi mata ba, amma za ta iya faɗa wa Inna ko Gwaggo a cikin ɗaki. Duk wanda aka san yana dukan iyalinsa, komai furfurarsa da kuɗinsa, kada a sa shi.

Tun a zaman farko a yi alkawari a rubuce cewa sunan wadda aka cuta ba zai fita daga bakin waɗanda aikin ya shafa kai tsaye ba, cewa ba za a yi sulhu a kan fyaɗe ba ko ɗan wane ne ya aikata, kuma cewa za a kafa ɗan asusu na kuɗin adaidaita sahu da katin asibiti da zirga-zirgar kotu. Wannan asusun yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, domin ƙararraki masu yawa rashin kuɗin mota ne yake kashe su tun kafin alƙali ya saurare su.

Bayan haka mutum biyu, mace da namiji, su je da ƙafarsu su ga wuraren da za a buƙata ranar tashin hankali. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala Muhammad, a jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan, a Sakkwato kuma akwai cibiyar Nana Khadija, dukkansu an kafa su ne domin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta. Inda babu irin wannan cibiya, a je babban asibitin ƙaramar hukuma a tambayi sashen da yake ajiye maganin kariya daga ƙanjamau da kuma wanda yake riƙe da makullinsa a ranakun Asabar da Lahadi. A shiga caji ofis a gaisa da DPO, a nemi sanin jami'ar da take kula da ƙararrakin mata da yara. A rubuta lambobinsu a takarda tare da lambar gaggawa ta 112 da ta NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, wato 627, a gwada kiran kowace tun yanzu don a san wadda take shiga daga wannan yanki.

A zagaya unguwa da idon yarinya

Manya ba su san wuraren da yara mata suke tsoro ba, saboda ba su taɓa tambaya ba. Matan kwamiti su zauna da 'yan mata goma ko goma sha biyar, ba tare da namiji ko ɗaya ba, su tambaye su lungun da ba sa son bi, da shagon da ba sa son a aike su, da lokacin da gabansu yake faɗuwa a hanya. Amsoshin sukan zo iri ɗaya a kusan kowane gari: kangon da aka bari ba ƙofa, da lungun da babu fitila, da shagon cajin waya mai labule, da wajen niƙa bayan magariba, da hanyar famfo ko rijiya da asuba, da bayan makaranta inda babu ban-ɗaki mai ƙofa. Yawancin waɗannan gyaransu bai fi ƙarfin unguwa ba. Mai kango a same shi ya sa ƙyaure ko ya toshe ƙofar da bulo, lungu a sa masa fitila mai aiki da hasken rana, ɗiban ruwa da itace kuma a mayar da shi tafiyar ayari, musamman a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da sansanonin 'yan gudun hijira inda fita daji ita kanta kasada ce.

Talla tana buƙatar magana ta gaskiya. Cewa a daina ta gaba ɗaya abu ne mai sauƙin faɗa ga wanda tukunyar gidansa ba ta dogara da farantin 'yarsa ba, kuma uwar da take tara kayan ɗaki da ribar awara ba za ta saurari mai wannan wa'azi ba. Abin da zai yiwu yau shi ne a rage haɗarin. Yarinya kada ta fita ita kaɗai, kada ta kai magariba a waje, kada ta kai talla tasha ko gareji ko wurin da ake gini, kuma a koya mata cewa ciniki a bakin ƙofa yake ƙarewa. Duk wanda ya ce mata, "Shigo ciki ki karɓi kuɗinki," ko ya ce zai saye farantin gaba ɗaya idan ta biyo shi ɗaki, ta bar masa kuɗin ta dawo gida. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai uwa ta faɗa mata da bakinta cewa ba za a doke ta ba idan ta dawo da kwantai ko da kuɗi ba cikakke ba, domin tsoron bulalar gida shi ne yake tura yara da yawa cikin ɗakin da suka san bai kamata su shiga ba. Inda hali ya yi, matan layi su haɗa kayan sana'arsu a teburi ɗaya a ƙofar wani gida, babba ya zauna a kai.

'Yan aikin gida da dillalai suke kawowa daga ƙauye su ne suka fi kowa rashin gata, saboda ba su da uwa a kusa, ba su san hanya ba, albashinsu ma wata ce take karɓa. Kwamiti ya san gidajen da suke da irin waɗannan yara, da sunan garinsu, da lambar iyayensu, sannan wata dattijuwa ta riƙa leƙa su tana gaisawa da su su kaɗai.

A makaranta kuma, ta boko ce ko ta Islamiyya ko ta dare, a kafa ƙa'ida ɗaya da ba ta da togiya: babu malamin da zai keɓe da ɗaliba a ofis ko aji da ƙofa a rufe, babu aiken ɗaliba gidan malami, babu darasin bayan tashi ga yarinya ita kaɗai. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan ƙa'ida, domin shi ma tana kare mutuncinsa daga zargi. Kafin a ɗauki sabon malami ko maigadi a tambayi inda ya baro da dalilin barinsa, a kuma tuna cewa tun watan Nuwamban 2019 akwai kundin ƙasa na sunayen waɗanda aka samu da laifin fyaɗe, wanda NAPTIP take kula da shi.

Abin da za a koya wa yara a gida

Kunya ado ce, amma kunyar da take hana yaro sanin cewa an cuce shi ta zama makami a hannun mai cutar. Tun daga shekara uku ko huɗu uwa ta riƙa gaya wa 'yarta, da ɗanta ma, cewa wuraren da wando da riga suke rufewa nata ne, babu mai taɓawa ko kallo, ko kawu ne ko yaya ko malam, kuma duk wanda ya ba ta alewa ko kuɗi ya ce kada ta faɗa wa Umma, to wannan maganar ce za ta fara faɗa. Masu wannan ɗabi'a ba sa farawa da ƙarfi; suna farawa da kyauta da wasa da "matata" ta raha, har yarinya da iyayenta su saki jiki. A raba wa yara maza da mata shimfiɗa idan sun kai shekara goma kamar yadda addini ya yi umarni, kuma baƙo namiji, ko ɗan'uwa ne na jini, kada a haɗa shi ɗaki da yara. Idan yarinya ta fara fitsarin kwance bayan ta daina, ko tafiyarta ta sauya, ko ta riƙa ƙin zuwa wani gida da take son zuwa da, ko aka ga kuɗi a hannunta da ba a san tushensu ba, a ja ta a jiki a tambaye ta cikin lallashi.

Ga 'yan mata masu waya, a gaya musu tun kafin ta faru cewa idan wani ya riƙe hotonsu ko saƙonsu yana barazanar watsawa a WhatsApp ko TikTok, kada su biya shi kuma kada su je inda ya kira su. Su ɗauki hoton saƙonnin su adana, su faɗa wa babba, domin irin wannan barazana laifi ce a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015.

Matar aure da ake duka

A nan ne al'ada ta fi nauyi. Mace takan yi yaji ta iso gidan iyayenta da kumburarren ido, kafin ta gama kuka an ce, "Ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne, kowa da haka ta zauna," washegari kuma a haɗa ta da ƙaninta ya mayar da ita ɗakinta tun kafin mijin ya zo biko. Abin da mijin ya koya daga wannan shi ne cewa babu abin da zai biyo baya. Iyaye da waliyyai su sauya wannan tsari. Idan 'yarku ta zo da rauni, a fara kai ta asibiti a karɓi takardar likita, a ɗauki hoton raunin da kwanan wata, a ajiye. Kada ta koma sai mijin ya zo da magabatansa, an zauna gaban mai unguwa ko limami, ya amsa abin da ya yi, ya sa hannu a takarda cewa idan ya sake za a tafi kotu. Uba ya gaya wa surukinsa a fili, "Malam, amana na ba ka, ban ba ka jaka ba, idan zaman ya gagara, ka dawo mini da ita lafiya kamar yadda ka ɗauke ta."

Akwai alamomin da idan an gan su maganar biko ma ba ta taso ba tukuna, sai maganar tsira da rai. Mijin da ya taɓa shaƙe matarsa a wuya, ko ya zare mata wuƙa ko adda, ko ya ce zai kashe ta ko ya kashe kansa, ko yake dukanta tana da ciki, ko yake kulle ta ya tafi da makulli, ko kuma dukan yana ƙara tsanani yana haɗuwa da shaye-shaye, wannan yana iya kisa. Lokacin da mace take shirin barin irin wannan miji shi ne mafi haɗari gare ta, don haka kada ta sanar da shi niyyarta suna su biyu. Ta ajiye katin shaidarta na ɗan ƙasa, da katin banki, da takardun haihuwar yara, da 'yan kuɗi a gidan wadda ta amince da ita. Ta yi yarjejeniya da maƙwabciya kan wata alama, kamar buga bango sau uku ko aiko yaro ya ce a ba da aron wani abu da suka sani, wadda take nufin a kira mutane yanzu. Idan rigima ta tashi ta nisanci kicin, inda wuƙa da tafasasshen ruwa suke, ta matsa kusa da ƙofar fita. Maƙwabta kuma su daina cewa tsakanin miji da mata sai Allah alhali suna jin ihu ta katanga. Maza biyu ko uku su yi sallama da ƙarfi su buga ƙofa, wannan kaɗai yakan tsayar da hannu.

Shari'a ta ba ta mafita. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, matar da ta tabbatar da cuta, ta hanyar shaidu ko ta abin da ya shahara a bakin maƙwabta, alƙali yana iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba, saɓanin khul'i inda ita ce take biya. Mata da yawa suna biyan kuɗin da bai hau kansu ba saboda ba wanda ya gaya musu wannan bambanci. A ɓangaren dokar ƙasa, dokar hana cin zarafin jama'a da aka fi sani da VAPP, wadda aka sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3 ga mai dukan abokin aurensa, ta haramta korar mace daga gida da ƙarfi da yin watsi da iyali ba ci ba sha, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya da zai hana mai cutarwa kusantar wadda yake cuta. Dokar tarayya ce da take aiki a Abuja, jihohi kuma kowace sai ta amince da tata, kamar yadda Kaduna da Bauchi da Jigawa suka yi, saboda haka kwamiti ya tambayi lauya abin da yake aiki a jiharsa. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a suna karɓar irin waɗannan koke-koke daga marasa hali.

Mumbari da majalisa

Maza maganar maza suke ji, musamman idan ta fito daga mumbari. A roƙi limami, "Allah ya gafarta Malam, a taɓa mana wannan a huɗuba," kuma hujjojin ba nesa suke ba. Alƙur'ani ya yi umarni a Suratun Nisa'i da a zauna da mata da kyautatawa, ya kuma hana a Suratul Baƙara a riƙe su domin a cuce su. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Ya kuma tabbata a hadisi cewa ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da yardarta ba. A Jamhuriyar Nijar, tsarin makarantar mazaje da aka fara a yankin Damagaram ya nuna amfanin tara magidanta masu mutunci su riƙa tattauna lafiyar iyali da sauran maza a majalisarsu. Ana iya yin irinsa a kowace majalisar shayi, a kuma ja samari a ciki, domin wanda ya tashi yana jin ana dariya idan an tare mai talla a lungu zai ɗauka hakan wasa ne.

Ranar da aka yi fyaɗe

Kalmomin farko da yarinya za ta ji su ne suke yanke ko za ta ci gaba da magana ko za ta yi shiru har abada. Kada a mare ta, kada a ce, "Me ya kai ki?" ko "Kin jawo mana abin kunya." A kai ta ɗaki, mace ɗaya da ta yarda da ita ta zauna kusa da ita ta ce, "Na yarda da maganarki, 'yata. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika faɗa mini." A bar ta ta faɗa da bakinta yadda za ta iya, kada a sa mata suna a baki, kada kuma a tara dangi kowa ya zo ta maimaita masa. Wadda ta saurara ta rubuta abin da ta ji da rana da lokaci. Idan babbar mace ce, a bayyana mata hanyoyin da suke akwai a bar ta ta zaɓa, ban da maganar asibiti wadda ya kamata a ƙarfafa mata gwiwa a kai.

Daga nan sai asibiti, kuma agogo yana tafiya. Maganin da yake hana kamuwa da ƙanjamau, wanda ma'aikatan lafiya suke kira PEP, dole a fara shan sa cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma ana shan sa kullum har kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa awa 120, wato kwana 5. Akwai kuma magungunan cututtukan sanyi, da allurar ciwon hanta, da ta tetanus idan akwai rauni. Ba sai an jira takardar 'yan sanda ba kafin a nemi magani, domin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Abin da iyaye mata suka saba yi cikin tausayi, wato dafa ruwan zafi da bagaruwa ko gishiri a zaunar da yarinya a ciki, a wanke kayanta tas ko a ƙone su, yana wanke shaidar da za ta ɗaure mai laifin, kuma ba ya hana ciki ko cuta. Idan zai yiwu kada ta yi wanka kafin likita ya duba ta. Kayan da ke jikinta, har da ɗan kamfai da zanen gado ko tabarmar da abin ya faru a kai, a naɗe su a takarda mai tsabta ko babban ambulan, kada a sa a leda, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaidar. Idan kuma an riga an yi wankan, ko kwanaki sun wuce, duk da haka a je, akwai sauran taimakon da za a yi mata. Kada a kira wata tsohuwa ta duba ko budurcinta yana nan; Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2018 cewa wannan dubawa ba ta tabbatar da komai, ƙarin wulaƙanci ce kawai. Kafin a bar asibiti a tabbatar likita ya rubuta rahoto, a san sunansa, a kuma san ranar dawowa.

Masu zuwa neman a rufa asiri

Kafin gari ya waye za a ga manyan mutane a ƙofar gida, da goro da ambulan, suna cewa a dubi zumunci, a dubi makomar yarinyar, kada a tona abin da zai hana ta samun miji. Wani lokaci har a kawo shawarar a aura mata wanda ya yi mata fyaɗen, wanda shi ne mafi munin abin da za a yi mata. Asirin da ake rufawa a irin wannan zama na mai laifin ne, kuma wanda aka sake yau wata yarinyar zai nema gobe. A nan ne alkawarin da kwamiti ya rubuta zai yi aiki, domin uba shi kaɗai ba zai iya kallon idon attajirin unguwa ya ce a'a ba, amma mai unguwa yana iya cewa, "Alhaji, wannan magana ta wuce zaurena, tana hannun hukuma." Hisba da zauren sulhu suna da amfani a rikicin ci da sha da saɓanin ma'aurata, amma fyaɗe babban laifi ne da kotu kaɗai take da hurumin yanke hukunci a kansa. Haka kuma a hana matasa ɗaukar doka a hannu, domin dukan wanda ake zargi yana mayar da masu gaskiya masu laifi, ya kuma watsa sunan yarinyar a gari.

A kai rahoto caji ofis tare da ɗan kwamiti, a karɓi lambar ƙara da sunan ɗan sandan da yake bincike. Daga nan fayil yakan tafi sashen binciken manyan laifuka na jiha, sannan ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, kafin a gurfanar da wanda ake tuhuma a babbar kotu, kuma a kowace gaɓa fayil yana iya kwanciya idan babu mai bibiya. A naɗa mutum ɗaya da zai riƙe kwafin kowace takarda ya kuma san ranar kowane zama. Takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya tana da nauyi a nan, saboda hukunci yana bambanta da shekarun yarinya: dokar VAPP ta tarayya ta tanadi ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12 idan mai laifin baligi ne, jihar Kaduna kuma ta gyara dokarta a watan Satumban 2020 ta sa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Iyayen da ba su karɓar wa 'ya'yansu wannan takarda ba su je su karɓa tun babu abin da ya faru.

Shari'a tana iya ɗaukar shekara ko fiye, rayuwar yarinyar kuwa ba za ta tsaya jira ba. Wata daga cikin matan kwamiti ta tabbatar tana shan maganinta har kwana 28 ɗin su cika ko da yana sa ta tashin zuciya, ta kuma raka ta gwajin jini na bayan wata 3. A mayar da ita makaranta da zarar ta samu ƙarfi, idan surutu ya yi yawa a sauya mata wata, a kuma gargaɗi malamai da matan layi cewa duk wanda ya yi mata gori zai amsa kira a gaban mai unguwa. Idan ta daina cin abinci, ko barci ya gagare ta, ko ta fara cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a cire maganin ƙwari da fiya-fiya daga inda hannunta zai kai, a koma da ita cibiyar da ta fara duba ta a nemi mai ba da shawara ya zauna da ita a ranar.